Hauyar Maharazu

Da hantsi, a tsakar gidan Malam Rabo da ke Sae Sabuwa, Maharazu ya shimfiɗa takardar a kan tabarma, ya danne gefenta da dutse don kada iska ta yi gaba da ita. Shekara biyu ke nan da ƙasa ta samu mulkin kanta. Shi kuwa ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare a Yamai, gwamnati ta ce ta ɗauki nauyin karatunsa a jami'a. Abin da ya rage masa kaɗai shi ne ya sa hannu a ɗaya daga cikin gurabe biyu. Kwana tara takardar na aljihunsa, har ta yi laushi kamar tsohon ƙyalle, bai sa ba.

Mahaifinsa na zaune gindin rumbu yana tufka igiya, ya maƙale bakin igiyar da babban yatsan ƙafa. Bai ɗaga kai ba ya ce a karanta masa abin da ke hana ɗansa cin tuwo.

Maharazu ya yi bayani a hankali. Gurbi na farko karatun kasuwanci ne a Abijan, shekara biyu, kuma duk damina mutum na iya biyo motocin fatake ya zo gida. Na biyu karatun tattalin arziki ne a Dakar, shekara huɗu, gwamnati kuwa ba ta biyan kuɗin hanya sai sau ɗaya cikin shekara biyu.

Tsohon ya ce shi bai ga bambanci ba, duka biyun ai zancen dukiya ne. Maharazu ya nemi kalmar da za ta shiga kunnen manomi ya rasa, sai idonsa ya sauka kan rumbun.

"Baba, na farkon yana koya wa mutum yadda zai cika rumbunsa. Na biyun tambaya yake yi, me ya sa rumbunan gari duka suke yin wayam a shekara guda."

Hannun Malam Rabo ya tsaya cak a kan igiya.

Shekara takwas da suka wuce, lokacin da gyaɗa ta yi daraja, shi ma ya bi sahun jama'a ya shuke rabin gandu da ita. Ya sayar, ya ɗaure kuɗinsa a lalita, yana jin kansa mutum. Da rani ya yi nisa hatsi ya ɓace. Ya ci kasuwa uku da kuɗin a ƙugunsa bai samu mai sayar masa da tiya ɗaya ta gero ba. Tani, mahaifiyar Maharazu, tana goyo a lokacin. Kullum sai ta tura wa yara ƙwaryarta ta ce ita ta ci a madafa. Ba ta ga sabon gero ba, jaririyar ma ta bi ta bayan kwana goma sha ɗaya.

"Wannan tambaya," in ji tsohon, "akwai inda ake koyar da amsarta?"

"Akwai inda ake nemanta, Baba."

"Shekara takwas ina yi wa kaina ita. Liman ya ce ƙaddara ce, na yarda, ban yi musu ba. Amma ta wace ƙofa ƙaddarar ta shigo mana, shi nika son in sani."

Bai ce zaɓi wannan ba, bai ce bar wancan ba, ya ci gaba da tufkarsa. Da ma ya yi tsawa ne, da Maharazu ya fi samun sauƙi, don zuciyarsa ba ta Dakar, ba ta Abijan, tana Gidan Rumji.

Can ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Mairo, take aure, katangarta ɗaya da gidan Alhaji Chindo mai awon gyaɗa, wanda kakanninsa suka hauro daga kudu da jakuna, shi kuma ga shi yau da kamyo biyu, manyan motocin ɗaukar kaya. Alhaji na da 'ya, Laraba, doguwa, mai wushirya, mai bakin da ba ya barin bashin magana ya kwana. Tun Maharazu na zuwa hutu wurin gwaggonsa suka saba. Bara aka kai goron tambaya aka karɓa. Baba Jaye, ƙanen Malam Rabo, shi ya yi ta kai da komowa, don iyaye maza ba sa zama a irin wannan magana. Kunyar surukuta ta sa Malam Rabo da Alhaji ba su taɓa haɗa ido ba, kowa sunan ɗan'uwansa kawai ya sani.

Alhaji kuwa ya riga ya aiko da ra'ayinsa. Ya ce kantunan Turawa na tattara komatsai, kasuwa za ta koma hannun 'yan ƙasa, shi kuma 'ya'yansa maza babu wanda ya shiga lakol, wato makarantar boko. Yana son suruki mai karanta takarda, mai iya zama gaban mutanen banki ba tare da an yi masa tafinta ba. Yaro ya yi shekara biyunsa na kasuwanci ya dawo, ga mata, ga kanti, ga mota. Ɗan buro mai zaman ofis, in ji shi, kujera gare shi, ɗan kasuwa kuwa gida.

Sannan ga al'ada. A wannan ƙasa duk wanda aka yi wa alkawarin 'ya, kowace damina kafin a ɗaura aure sai ya kai gayya gonar ubanta, hauyarsa ce kuma ke buɗe layin farko. Shekarar da ba a ga hauyar ba, an ɗauka ya janye, sai a mai da masa kayansa. Kowa ya san wani ɗan kasuwa a Agiye, Maikuɗi, yana nan ya kasa kunne yana jiran wannan rana.

Ranar kasuwar Gidan Rumji Maharazu ya tafi. Bayan la'asar ya tarar da Laraba a zauren Gwaggo Mairo tana ɓarar gyaɗa a faifai, gwaggon na daga ciki tana tari lokaci-lokaci don su san tana nan.

"Mushe ya iso," in ji Laraba, don haka take kiransa, kamar malamin lakol, tunda sunansa ba ya faɗuwa a bakinta. "Yau wace ƙasa za a koya mana?"

Ya ce mata ya gama shawara, kasuwanci zai sa wa hannu. Ya zaci za ta yi murna. Sai ta ce ya fara gaya mata abin da ke cikin kowanne, ita ma ta ji da kunnenta, kada a ce an sayar da ita a duhu. Ya yi na Abijan cikin numfashi uku. Da ya shiga na Dakar sai ya zarce: yadda farashin gyaɗa ake yanka shi a wata ƙasa da ba ta taɓa ganin gonar gyaɗa ba, yadda kuɗi ke yawaita abinci na raguwa, yadda gari kan ƙoshi da kaka ya yi kuka da bazara. Ya jawo ɓawon gyaɗa ya jera a ƙasa, wannan rumbu, wannan kasuwa, wannan jirgin ruwa. Bai lura ba har inuwa ta ƙetare zauren.

Laraba ta share ɓawon da gefen hannunta.

"Da kake zancen na farko, ni kake kallo. Da ka shiga na biyu, ka manta ina wurin. To wanne ne naka?"

"Ke ce tawa."

"Wannan ba amsa ba ce, zance ne. Ni na san zance, kullum ana yi mini shi a bakin rijiya." Ta murza ƙwaya ɗaya har jan fatarta ta fita. "Ban son wata rana in kawo maka tuwo ka dube ni ka ga shekara huɗun da ka bari. Ka tafi inda idonka ya tafi. Damina huɗu ce, ba arba'in ba."

Ya tuna mata da hauya. Nan ne murmushinta ya ɗauke, ta ce wannan kam maganar maza ce, su san yadda za su yi da ita.

Malam Rabo ya ce a bar masa. Ya aiki Baba Jaye ya roƙi Alhaji cewa hauyar yaro za ta zo ko da yaron bai zo ba. Alhaji ya yi faɗa har ana jin muryarsa a titi, ya ce an ba yaro nama ya ce shi ƙashi yake so. Amma da yake mutum ne mai tsoron a ce ya karya alkawari, ya yanke magana: hauyar dai ya gan ta, da mutum biyar, ranar da ya kira. Ranar da ta fasa, zance ya mutu. Sha'ibu, abokin Maharazu tun suna kiwon awaki, ya dafa ƙirji ya ce shi zai riƙe ta, zai kuma kawo samari.

Maharazu ya sa basilla a wuta ya yi wa ƙotar hauyarsa zane uku don a shaida ta. Sannan ya sa hannu a gurbi na biyu. Da zai hau mota mahaifinsa bai rungume shi ba, ya dai gyara masa wuyan riga, ya ce ya riƙe salla.

Dakar gari ne na iska mai gishiri. Teku na magana dare da rana da harshen da bai iya ba. Ya yi karatu kamar mai haƙar rijiya, kansa a ƙasa, yana jin sanyin ruwa na matsowa bai gan shi ba tukuna. In hadari ya taso ta kan teku sai ya tsaya bakin taga yana tunanin ko ya kai Sae Sabuwa. Wasiƙun gida mushen lakol ke rubuta wa mahaifinsa, gajeru ne, kusan duk iri ɗaya: kowa lafiya, an yi gayya, Alhaji ya ga hauya, ka dage. Maharazu ya karanta ya ji daɗi, bai taɓa tambayar su wane ne suka je ba.

Shekara ta biyu ta cika, aka ba shi takardar hanya. Ya rubuto cewa bana da hannunsa zai buɗe layi. Ya sayi turmin atamfa mai ruwan ganye don Laraba, da bargo don mahaifinsa. Jirgin ruwa ya kai shi Kwatano, jirgin ƙasa ya haura da shi, daga nan ya hau bayan kamyo. Tun a hanya ya ga gero ya kai gwiwa, ya gane ruwa ya sauka da wuri bana.

Motar ta biyo ta Gidan Rumji da azahar. Ya kamata ya wuce gida ya fara gaida mahaifinsa. Ya ce a ransa awa ɗaya ba za ta ɓata komai ba, ya sauka da atamfar a hammata.

Ƙofar gidan Alhaji Chindo cike take da tabarmi. Mutane zaune jeri-jeri, ba mai magana, wasu na jan carbi. Ya ce a ransa shi ke nan, Laraba ce ta rasu. Sai ya fara gane fuskoki, ya ga na Sae Sabuwa ne: liman, maƙerin unguwarsu, maƙwabcinsu na gabas. Me ya kawo su nan? Jikin bangon zaure kuma ga hauya a jingine, laka ta bushe a bakinta, ƙotarta da zane uku.

Baba Jaye ya taso ya kama wuyan hannunsa, ya riƙe da ƙarfi kamar mai hana yaro faɗawa rijiya.

"Sai haƙuri, Maharazu. Jiya da hantsi muka kai shi."

Bargon ne ya fara faɗuwa, sannan atamfar.

Gwaggo Mairo ce ta ba shi labarin a ɗakinta, tana yi tana share hanci da bakin zane. Sha'ibu bai ci amana ba, an ɗauke shi soja tun kafin damina ta farko. Samarin gari kuwa suka ce gayya ramuwa ce, wanda ya yi maka ita shi kake yi wa, Maharazu kuma tun yana ƙarami yana lakol, bai taɓa duƙawa a gonar kowa ba. Sai Malam Rabo ya ɗauki hauyar ɗansa ya bi gayyar samari huɗu, ɗaya bayan ɗaya, yana noma tsakanin sa'o'in 'ya'yansa, don su ma su biyo hauyar zuwa Gidan Rumji. Na biyar aka rasa. Baba Jaye ba zai yiwu ba, Alhaji ya san fuskarsa. Tsohon ya ja rawani ya rufe baki da hanci ya ce shi ne na biyar, tunda surukin nasa bai taɓa ganinsa ba. Ya hana kowa faɗi. Ya ce dattijo ya yi noman suruki abin dariya ne har jikoki, kuma in yaron ya ji zai bar karatu ya dawo.

Bara ya yi lafiya. Bana tun sanyi yake tari. Alhaji ya kira gayya kwana goma kafin lokacin da aka saba, don ciyawa ba ta jiran jirgi. Tsohon ya yini a kan jaki, washegari ya duƙa. Rana ta take, samari suka yi masa nisa, hadari kuma ya haɗo. Alhaji ya zo duba aiki, ya ga layin farko, layin hauyar mai zane, shi ne a baya. Ya tsaya kan tsohon ya ce gidan Rabo sun rasa samari ne suka aiko masa da kakan wani, in ba ya iyawa ya koma inuwa kada ya mutu masa a gona. Malam Rabo bai ɗago ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, saura kaɗan."

Ruwa ya kece. Samari suka gudu gindin tsamiya, shi bai gudu ba. Ya kai layin har bakin iyaka, ya zauna a laka, ya kasa tashi. Laraba ta taho da furar ma'aikata, ta hango shi, ta saki ƙwaryar ta ruga tana kiran Baba. Alhaji ya ce wane baba, ga shi nan tsaye. Ta ce ba shi take nufi ba.

Ita ta san shi, don ta taɓa raka Gwaggo Mairo gaisuwa Sae Sabuwa. Tun bara ta gane shi da tafiyarsa, ya kira ta gefe ya sa ta rantse.

Alhaji da kansa ya goya shi, in ji gwaggon, babbar rigarsa na jan laka. Ya kwantar da shi a kan gadonsa, ya aika kamyo Maraɗi aka ɗauko likita. Kwana uku ya yi.

Maharazu bai yi kuka ba a lokacin. Ya fito tsakar gida ya tarar da Laraba tsaye jikin turmi, idanunta sun kumbura, ba lalle ba kwalli.

"Damina biyu kin sani," ya ce.

"Na sani."

"Layi ɗaya a takarda. Mushen lakol na nan, ko ɗan kamasho kika ba saƙo da ya iso."

"Ya sa na rantse. Ya ce in ka ji za ka dawo."

"Da na dawo, da yana raye."

Can ta ce, a hankali, "Wataƙila. Tun jiya nake juya wannan magana, ban samu inda zan ajiye ta ba."

Ya so ta yi gardama don ya samu abin bugu. Da ba ta yi ba, sai ya ce mata ita ce ta ce ya tafi inda idonsa ya tafi, to ga inda ya kai su. Ya ɗauki hauyar ya fita. Atamfar tana nan a ƙofar gida, an taka ta, wani ya ɗaga ya ɗora a kan katanga.

Kwana arba'in ya yi a Sae Sabuwa bai ambaci sunanta ba. Gwaggo Mairo ta aiko sau biyu cewa yarinyar na da magana, ya ce a ce ba ya nan. Yakan zauna gindin rumbu inda igiyar da mahaifinsa bai gama tufkawa ba take rataye. Littattafan da ya zo da su ya zuba a tukunya ya rufe. Duk abin da ya koya game da farashi da jiragen ruwa bai gaya masa cewa wani tsoho na duƙe a gonar mutane saboda shi ba. Ya san dalilin yunwar ƙasa guda, bai san wanda ke riƙe da hauyarsa ba.

Ranar sadakar arba'in, bayan an watse, Alhaji Chindo ya shigo gidan. Ya bar takalmansa tun a ƙofa, ya ƙi hawa tabarma, ya zauna a ƙasa. Ya rame. Ya ce shi bai zo a matsayin suruki ba, ya zo a matsayin mai laifi. Ya ce shekara hamsin yana awo bai taɓa tauye mudu ba, amma ya auna mutum da ido ya tauye shi, kuma wanda zai nemi gafara wurinsa ya ce masa kawai, ba komai, gonarka ce. Ya share fuska da hannun riga.

"Na janye sharaɗi, ɗana. Ba hauya, ba gayya. In kana so Juma'a mai zuwa a ɗaura. Ka bar tafiyar nan mai nisa, ga kanti, ga motoci. Abin da ka koya ya isa, sauran kasuwa za ta koya maka. Bari in zame maka uba gwargwadon iyawata."

Maharazu ya gaji. Ya gaji da teku, da fushi, da ɗakin da babu tari a cikinsa. Ya ce to.

Kwana biyu bayan haka Gwaggo Mairo ta zo da kanta a kan jaki, ta ce yarinya ta ce ba ta yarda ba.

Ya isa Gidan Rumji da rana tsaka, ransa a ɓace. Ya same ta a zauren nan dai, ba faifai a gabanta wannan karon, hannuwanta a kan cinya. Ya ce da ta hana shi uba, yanzu kuma za ta hana shi kanta? Ta bar shi ya gama.

"Kwana arba'in ina riƙe da saƙonka, ka ƙi karɓa. Nauyi gare shi, Mushe, ka bari in sauke."

Ta ce a rana ta biyu, da zazzaɓin ya ɗan sake shi, tsohon ya kira ta. Ya tambaya ko an ga inda layinsa ya tsaya. Ta ce ya kai iyaka. Ya yi murmushi ya ce to madalla.

"Ya ce in gaya maka shi ya kai nasa. Naka yana tsaka, kuma a gidanku ba a barin layi a tsaka, ko ana ruwa. Ya ce in ka samo amsar tambayar nan, kada ka damu da shi da Inna Tani, su sun riga sun je inda ba a tambaya. Ka gaya wa masu rai."

Maharazu ya jingina da bango.

"In ka aure ni ranar Juma'a ka zauna a kanti," ta ci gaba, "to noman banza ya yi. Ni na ga yadda ya yi shi. Na ga bayansa. Ba zan shiga ɗaki a kan wannan ba. Ka tsane ni in kana so, amma ka tsane ni daga Dakar."

Nan kukan da ya riƙe kwana arba'in ya ɓalle. Ya durƙusa ya kifa kai a gwiwa yana yi kamar yaron da aka manta a kasuwa. Ba ta taɓa shi ba, don ba a ɗaura ba. Ta dai zauna nesa kaɗan tana nata, Gwaggo Mairo kuma daga ciki, wannan karon ba ta yi tari ba. Da ya natsu ya nemi gafararta. Ta ce atamfar tana wurinta, ta wanke, sawun takalmin bai fita duka ba, amma za ta ɗaura.

Ya koma. Damina biyun da suka rage ba a kai hauya gonar Alhaji ba. Alhaji ne ya riƙa zuwa Sae Sabuwa da mutanensa, ya tuɓe babbar riga, ya duƙa a gandun Malam Rabo. Mutane suka yi ta dariya, mai kamyo biyu da tumbi yana noma gonar suruki, layinsa a karkace kamar tafiyar maciji. Ya ce su yi, dariyar ai bashinsa ce. Maikuɗi na Agiye ya aiko sau uku, sau uku ana mai da masa goronsa.

Bayan kakar shekara ta huɗu aka ɗaura aure. Laraba ta shiga ɗaki da atamfa mai ruwan ganye. An ba Maharazu kujera a Yamai ya roƙi a tura shi Gazawa, inda ya yi ta bin ƙauyuka a kan keke yana zama da masu gari, yana roƙon kowane gida ya zuba rabonsa a rumbun tsimi na gari kafin a kai gyaɗa awo, kada kuma gyaɗa ta cinye gonar gero. Wasu suka ji, wasu suka ce ɗan lakol ne. Amsar da ya samo ba ƙofa ɗaya ba ce, ƙofofi ne da yawa, wasu ba shi da ikon rufe su. Amma da fari ya dawo bayan wasu shekaru, ƙauyukan da suka ji sun buɗe rumbunansu, mata masu goyo suka ci a gaban 'ya'yansu, ba a madafa ba.

Ɗansu na fari sunan Rabo ya ci. Laraba ba ta faɗin sunan, Baba take ce masa. Hauyar tana rataye a ɗakinsu, duk ruwan farko sai ta sauko da ita ta shafa wa ƙotar man gyaɗa. Shi kuwa Maharazu har ya yi furfura, in ruwa ya kece da rana yakan bar abin da yake yi ya tsaya bakin ƙofa, ba ya magana sai ya ɗauke.

Haƙuri yana biya, 'yan'uwa, Laraba ta jira ta samu, Alhaji ya sunkuya ya wanke kansa. Sai dai ba ya mai do wanda ya tafi. Don haka kai da za ka nemi ilimi nesa, zaɓi wanda zuciyarka ta tsaya a kai, na cika rumbu ko na tambayar rumbuna, ka kuma kai shi iyaka. Amma duk wasiƙar da ta zo ta ce maka kowa lafiya, kada ka ninke ta ka ji daɗi. Ka ɗauki alƙalami ka tambaya, da suna, wane ne ke riƙe da hauyarka.